Gaurakin da Barmo Bai Ɗauka Ba

Mun bar Daura liman bai gama lazimi ba,
Barmo da jakarsa mai igiya ɗaya,
ni da littafin da gumi ya cinye wa bango.
Goro biyu, gora ɗaya, ƙuli-ƙuli a leda.
Mai mashin ya bi mu har bakin gari yana tayi,
ya ƙi yarda akwai mai kuɗin hawa
da zai zaɓi ƙafa.

Litinin zuwa Jumma'a Barmo na bakin sakatariya,
yana cewa mutane su ɗaga haɓa,
su daina ƙifta ido, fasfo ne ba biki ba.
Ni ina aji uku, ina raba wa yara ka da ƙa.
Asabar tamu ce, ba mu aro ta ba.

Hanyar Daberam ba ta son mai sauri.
Gero ya sunkuya yana jiran lauje,
raɓa ta jiƙa mu har gwiwa,
ƙarangiya ta riƙe mini wando kamar mai bin bashi.
Barmo ba ya taku goma bai durƙusa ba:
ga sawun damo,
ga gizo-gizo ya yi shanya tsakanin kara biyu.
Ni sunaye nake bi, sabara, geza, kalgo, aduwa,
kamar mai kiran rajista,
ina sa alama gaban wadda aka sare bana.

Wani tsoho mai kiwo, Jatau ya ce sunansa,
ya dube mu tun daga takalmi.
"Gwamnati ta turo ku awon gona?"
Muka ce a'a.
"To wa ke biyan ku?"
Barmo ya juya masa bayan kyamara,
ga akuyarsa tana miƙa wuya a kan geza.
Ya daɗe yana kallo.
"Ta fi haka rama," in ji shi, "amma ita ce."

Shekara uku ke nan Barmo na neman gauraka.
Ya ce yana yaro, a fadamar kakansa,
bibbiyu suke sauka,
har ba a ɗaga kai don kukansu.
Yanzu ɗansa a jikin littafi ya san shi.

Muka kwanta rub da ciki a bakin ruwa.
Balbela ta zo, zalɓe ya zo ya tsaya da ƙafa guda,
tururuwa ta gano ƙuli-ƙulinmu.
Rana ta hau, ta tsaya, ta karkata.
Na rubuta "shiru" na soke,
don ba shiru ba ne, kwaɗi ba su huta ba.

Bayan la'asar muka haƙura.
Taku na bakwai ƙayar aduwa ta huda silifas,
ta shige diddigena har gindi.
Barmo ya zuge kyamara a jaka,
ya zaro allura daga hularsa,
ya ɗora ƙafata a cinyarsa.

A nan muka ji su.
Biyu, ƙasa-ƙasa, wuya a miƙe,
tukkunsu ya kama rana kamar an kunna ashana.
Na ce, "Barmo, jakarka!"
Allurar ta riga ta shiga nama.
Bai saki ƙafata ba.
Ya ɗaga kai kawai, baki buɗe,
har suka haye ruwan, suka yi arewa.

Da ƙayar ta fito ya sa mini ita a tafi.
"Talle, yau sai kai. Rubuta su."

Dare na uku ke nan da fitila.
Na sami ruwan, na sami kwaɗin,
na sami fuskar Barmo.
Tsuntsayen sun ƙi sauka a takarda.
Ƙayar na nan tsakanin shafi biyu,
diddigen ya sace,
ya aiko yaro ɗazu:
wai Asabar in zo da takalmin kirki.